Bidiyon da Kika Ɗauka a Bakin Kanal

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, bayan gaisuwa, ina fata kin sauka lafiya, kin sami Gwaggonki Hajara da mutanen gidanta ƙalau. Allah ya tsare ki a Kano, ya tsare ki a hanyar zuwa aiki da dawowa, ya sa kin shiga kamfanin nan da ƙafar dama. Na fara da addu'a domin hakkinki ce a kaina, ko raina a sake yake ko a ɓace. Kuma a ɓace yake, kin sani.

Ranar da za ki tafi kin durƙusa kin yi mini sallama, na ce Allah ya kiyaye, na juya na nufi gona. Innarki ta ce na yi miki rowar baki. Gaskiyarta. Na ja bakina ne domin da na buɗe shi a ranar, sai maƙwabta sun shigo ba da haƙuri. Sunan mahaifiyata gare ki, ban taɓa ɗaga miki murya ba, ban kuma so in fara a ranar tafiyarki. Shi ya sa na nemi biro da takarda. A nan ko na yi faɗa ba mai ji sai ke.

Maganar guda ce, bidiyon da kika sa a intanet da abin da ya jawo tsakanina da Babanki Ila. Zan maimaita miki komai daga farko, ba don kin manta ba. Ke a waya kika ga abin, ni kuwa a ƙasa na gan shi.

Da kika gama karatun kwamfuta kika dawo gida, kin ce za ki buɗe wa gonarmu shafi a intanet domin masu neman tumatur su same mu. Kin yi mini bayani mai kyau, har yau ina riƙe da shi. Kin ce shafi kamar rumfa ce da aka kafa a bayan gari inda ba mai wucewa, sai an yi mata hanya. Hanyoyin kuwa biyu ne. Ɗaya soshiyal midiya, inda mutum zai ga hoto ko bidiyo ya burge shi ya danna ya iso wurinmu. Ɗayar kuma wurin bincike, inda mutum yake rubuta abin da yake nema a jero masa shafuka, wanda aka sa a sama shi ake shiga. Na ji daɗi. Na ce wa innarki kuɗin makaranta bai tafi a banza ba.

Kuskurena na farko a nan ya faru, kuma ba zan ɗora miki shi ba. Da kika ce za ki ɗauke ni hoto a gona, sai na koma ciki na sa babbar rigata ta Sallah. Mutum mai furfura, a tsakiyar rani, cikin taɓon tumatur, da babbar riga. Da kika gama kika miƙo mini wayar kika ce in duba abin da kika rubuta, ban karanta ko layi ɗaya ba. Hotona kawai na kalla. Na ga hulata ta zauna daidai, na ce ya yi. Na iya karatu sarai, son a gan ni ne ya rufe mini ido. To ki ɗauki wannan ki tafi da shi wurin aikinki. Duk wanda za ki sa fuskarsa a shafi, ki zaunar da shi ki karanta masa abin da kika rubuta a saman fuskar, da babbar murya, ko ya ce ba sai kin yi ba. Mutane irina da yawa suke. Mun yarda ne da hoton, ba mu san da me muka yarda ba.

Abin da kika rubuta kuwa, wanda daga baya aka karanta mini shi a kasuwa, shi ne: "Tumatur kai tsaye daga gona, ba dillali, ba cuta." Da na tambaye ki dalili, kin ce kin duba kin ga kalmomin da mutane suka fi rubutawa a wurin bincike ke nan, in muka sa su sai a ɗaga mu sama. Ummi, dillalin gonar nan mutum ɗaya ne tun kafin a haife ki, kuma duk wanda ke tsakanin Kadawa da Bunkure ya san Ila ne. Ke kin rubuta wa na'ura ne, amma mutane ne suka karanta.

Da a nan aka tsaya, da an gyara. Sai ga bidiyon.

Ila ɗan gwaggona ne, taubashina, wannan kin sani. Abin da nake shakka shi ne ko kin san ma'anarsa. Tun muna yara muna koran tsuntsu a shinkafa, ban taɓa gaishe shi da "ina kwana" ba, shi ma bai taɓa ba. Zagi ne gaisuwarmu. Ni ina ce masa ɓarawon kwando, shi yana ce mini Sarkin Kuka, wai ba a taɓa shekarar da na ce noma ya yi kyau ba. Ranar da aka binne kakarki, kowa ya zo ya yi mini gaisuwa da ladabi, ni kuwa ko hawaye ya ƙi fita. Da yamma Ila ya zauna kusa da ni ya ce, "To Sarkin Kuka, yau da aka ba ka dalili kuma ka kasa?" A nan na yi kukan, a kafaɗarsa. Irin wannan ne zagin da ke tsakaninmu.

Ranar da kike ɗaukar bidiyo a bakin kanal ɗin ban ruwa, ina cikin babbar rigar nan, Ila ya iso da masu lodi, yana tafe da tumbinsa a gaba. Na ɗaga murya yadda na saba na ce, "Ga ɓarawon kwando nan ya iso. Ni da wahala, shi da tumbi." Shi kuma ya ce, "Sarkin Kuka, wannan riga fa? Tumatur ɗin za ka aura?" Ya fizge hulata ya ɗora a kan kwando, masu lodi suna ta dariya, ke ma kina dariya har wayar tana rawa a hannunki.

Kika je kika yanke. Kika bar maganata, kika bar fuskar Ila yana tahowa, kika cire amsarsa, kika cire hular, kika cire dariyar. Kika sa masa take wai manomi ya tona asirin ɓarawon kwando, kika ce mai son tumatur ba cuta ya danna ya shigo shafinmu. Wannan ba kuskuren yarinya ba ne, Ummi. Mai kuskure ba ya zama ya zaɓi wurin da zai yanke. Kin san dariyar tana nan, kin ga cewa in kika bar ta ba mai tsayawa ya kalla, sai kika cire. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Kuma dabarar ta yi aiki, ban musa ba. Kullum sai kin zo mini da waya kina cewa, "Baba, ka ga yadda ake shigowa? Wallahi mun yi tirendin, kowa maganarmu yake yi." Mutanen da ba su taɓa taka Kura ba, ba su san tumatur a ƙasa yake fitowa ko a bishiya ba, suka yi ta zagin Ila a ƙarƙashin bidiyon. Wannan ya ce a kama shi, wancan ya ce irinsu ne suka hana talaka miya. Wani da ya san shi ya rubuta sunansa da unguwarsu. A kasuwar tumatur yara masu tura baro suka ɗauka, in ya wuce su ce ɓarawon kwando. Sunan da ni kaɗai nake da ikon kiransa da shi a duniya, yanzu yana bakin yaron da bai kai jikansa ba.

Kina tsammanin dillali zaune yake yana cin guminmu. Ni ma na yi wannan tsammani, kuma na biya. Wata shekara kafin in auri innarki, tumatur ya yi yawa, farashi ya faɗi, na ce ai dillalai ne suke haɗa baki. Na ƙi ba Ila kayana. Na nemi wuri a wata babbar mota na bi kwandunana har Kudu da kaina, ina ta hura hanci. Muka isa kasuwa, aka sauke mini, na tsaya. Masu saye suna wucewa, ko ganyen da aka rufe kwandon da shi ba mai ɗagawa. Ba su san ni ba, ba su san abin da ke ƙasan kwandona ba, ba kuma wanda za su kama in ya fito ruɓaɓɓe. Rana ta yi zafi, ruwa ya fara bin gindin kwanduna, ƙudaje suka taru. Wani Bahaushe da ya ga ina neman faɗuwa ya tambaye ni daga ina. Na ce Kadawa. Ya ce ko na san Ila. Na ce ɗan'uwana ne. Ya ce, "Ai sai ka faɗa tun ɗazu." Kafin la'asar an kwashe abin da bai lalace ba. Ila bai san ma an yi ba, yana gida, sunansa ne ya yi mini ciniki. Da na dawo ya yi wata guda yana kirana Alhajin Kudu.

Ke da kanki kin gaya mini cewa wurin bincike ya fi ɗaga shafin da wasu shafuka suke ambato, domin alama ce an yarda da shi. To abin da Ila yake da shi ke nan, sai dai shi da ƙafa ya tara nasa, shekara da shekaru, kwando bayan kwando. Ba shi da gona, ba shi da mota. Sunan nan shi ne jarinsa. Shi kika ɗauka kika yi wa shafinki hanya da shi. Na ji cewa wani mai saye daga Kudu ya buɗe masa bidiyon a gaban jama'a, ya ce tunda ɗan'uwanka ma ya ce kai ɓarawo ne, sai ka rage mini. Ki riƙe wannan. Kada ki sake jawo mutane zuwa shafin kowa ta hanyar nuna musu wanda za su tsana. A kamfaninku za a kawo muku masu shaguna da masu gidajen abinci, kowa yana son a zo wurinsa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a ce na kusa da shi macuci ne. Na kusa da shin ma yana da 'ya'ya.

Bari kuma mu duba mutanen da kika kawo, tunda da su kike alfahari. Lambata kika sa, saboda haka ni na ji su. Ina tsakiyar ban ruwa waya ta yi ƙara, wata tana son rabin kwando a kai mata har gida a Abuja. Wani yana neman aiki. Wani ya kira ya ce yana bayana, in ci gaba da yaƙar dillalai, da na tambaye shi kwando nawa yake so ya ce a'a, shi dai ƙarfafa mini gwiwa yake yi. Wasu samari suka zo da mota har gona su ma za su ɗauki nasu bidiyon, suka hau gaɓar kanal da ita, gaɓar ta zabge, ruwa ya kwanta a albasar maƙwabcinmu. Ni na yini da fartanya ina toshewa, ni na je ba da haƙuri. Samarin ko tumatur ɗaya ba su saya ba, sai wanda suka tattake.

A cikin duk taron nan mai saye na gaske guda na gani, wata Hajiya mai gidan abinci a cikin birni. Na tambaye ta ko bidiyon ta gani. Ta ce wane bidiyo? Ita ta rubuta a wurin bincike ne tana neman tumatur mai kauri wanda ba ya saurin ruɓewa, sai ta faɗa a ɗan shafin da kika rubuta irin da muke shukawa da lokacin da muke ɗiba. Shafin da kika ce mini ba shi da armashi, ba mai shiga. Ita ta shiga, kuma har yanzu tana aikowa. In kina son ki san wanda ya samo motar da ta kai mata kayan, yaran Ila ne.

Lokacin da na fara noman rani ni ma haka na yi da ruwa. Ganinsa yana gudu a kanal ba a sayarwa, sai na buɗe wa tumatur ya sha har ya kwanta a kunya, ina cewa nawa sai ya fi na kowa. Saiwar ta ruɓe. Tsohona ya bar ni na sake dashe ni kaɗai. Saboda haka in mai gidan aikinki ya tambaye ki mutum nawa suka shigo shafi, ki ba shi amsa, aikinsa ne ya tambaya. Ke kuma ki tambayi kanki, a cikinsu wa ya zo neman abin da ake sayarwa, kuma ya same shi? Wanda faɗa ya kawo shi, ranar da faɗan ya ƙare zai tafi inda ake wani.

Akwai kuma maganar take. Kin ce mini kowa haka yake yi, take daban, abin da ke ciki daban, in ba haka ba ba mai dannawa. Ba ku kuka fara ba. Kina goye a lokacin, wata shekara tsutsa ta shiga gona, sai na zuba ƙanana da fasassu a ƙasan kwando, na jera manya jajaye a sama. Ila ya zo da mai saye. Ya kalli kwandon, ya kalle ni, ya nutsa hannunsa har gwiwar hannu, ya zaro ba tare da ya nuna wa kowa abin da ya taɓo ba. Ya ce wa baƙon wannan an riga an yi cinikinsa, ya kai shi gonar gaba. Da ya dawo ya ce, "Habu, kai yau za ka sayar ka shige gida. Gobe ni za a nema." Ya tsaya a kaina har na zazzage kwandunan na sake zubi, yana zagina ina zaginsa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma ga mutumin da kika rubuta wa "cuta" a kansa. Abin da kika sa a take, ki tabbata mutum zai same shi in ya shiga. In ya danna ya ga an yaudare shi, ya koyi sunan shafin ne domin ya guje shi.

Laifina na ƙarshe shi ne mafi muni, kuma sabo ne. Da abin ya fara yaɗuwa, innarki ta ce, "Malam, ka je wurin Ila yau ɗin nan." Na ce Ila ya san wasa, shi da ya fi ni iya zagi. Gaskiyar magana kuwa daɗi nake ji. Ina shiga kasuwar Bunkure ana nuna ni, ana cewa ga mutumin bidiyo, mai shayi yana ƙin karɓar kuɗina. Na yi ta cewa gobe. Ban lissafa cewa wasan da ake yi a bakin kanal tsakanin mutum biyu, in aka ɗauke shi aka kai gaban duniya aka cire amsar ɗayan, ya tashi daga wasa ba. Lokacin da na je gidansa aka ce ya fita, alhali ga takalmansa a bakin zaure. Idan kika ɓata wa mutum, Ummi, ki je a ranar, da ƙafarki. Kada ki tura saƙo ta waya, kada ki jira ya huce.

Na dawo na ce ki goge. Kin tuna amsar da kika ba ni? Ni na tuna. Kin ce, "Baba, in na goge shafin zai faɗo, yanzu mu ne na farko in an bincika. Kuma bidiyon ne kamfanin suka gani suka kira ni. Ka bari in kama aiki tukuna." Mutumin da ya ɗauke ki a babur ya kai ki asibitin Kura ranar da zazzaɓi ya sa kina sanƙarewa, ni ina can neman taki, shi kika sa a ma'auni da zama na farko a wurin bincike, kuma shi ne bai yi nauyi ba. Na yi murna da aikinki, Allah ya sani, na fi kowa murna. Amma duk wanda ya zo yi mini barka sai in ji kamar ya san da me aka saye shi.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa haƙura na rubuto. Jiya da hantsi aka yi ɗiba. Na ɗauka Ila ba zai zo ba, har na ce wa innarki ta wasa wuƙaƙe, in ta kama mu yanka mu shanya. Sai ga shi da motar haya da masu lodi, a kan lokaci. Ya sauko, ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Malam Habu, ina kwana? Ya iyali? Ya aiki?"

Na ɗauka kunnena ne. Na ce bari in gwada. Na ce, "Kai tumbi, yau kuma wa ka cuta ka samu sabuwar hula?"

Ya dube ni ba fushi ba dariya, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Malam." Ya juya ya ce wa yaransa su yi a hankali da kayan mutane. Ya duba kowane kwando, ya samo mini farashi mai kyau, ya yi aikinsa ba aibu. Innarki ta aiko da fura a kwanon da ya saba sha, ya ce ya gode, ya ƙoshi. Da za su tafi ya ce, "A gaida gida," ya hau mota.

Da ya ƙi ɗaukar kayan, da na san faɗa muke yi, kuma faɗa yana ƙarewa. Wannan ladabin ne ban san inda zan kama shi ba. Na zauna a gaɓar kanal har rana ta take. Iyayena sun tafi, yayyena sun tafi, waɗanda suka san ni ina yaro ba wando saura shi kaɗai. Kowa a garin nan Malam Habu yake ce mini, har limami. Mutum ɗaya ne ba ya faɗa, jiya ya faɗa.

To ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ki ba. Ki goge bidiyon, ko shafin zai faɗo har ƙasan rijiya. Na san za ki ce wasu sun riga sun kwafa, ba ya goguwa duka. Na ji. Naki dai ki cire. Ki cire kalmomin nan na "ba dillali, ba cuta." Sannan ki nemo cikakken bidiyon, na san yana cikin wayarki, ba kya zubar da komai. Wanda yake da amsarsa da hular da dariyar. Amma kada ki sa shi a ko'ina sai kin kai masa ya gani, ya ce ya yarda. In ya yarda, duk dabarar da kika yi kika kai rabin bidiyo gaban duniya, ki yi ninkinta ki kai cikakken, ki rubuta da sunanki cewa ke kika yanke. In ya ce a'a, a bar shi, fuskarsa ce. In mutanen kamfaninku suka tambaye ki ina bidiyon da ya sa suka ɗauke ki, ki gaya musu gaskiya. In suka kore ki saboda haka, ki dawo, ɗakinki yana nan, kuma irin wannan kamfani ba wurin zama ba ne dama.

Shafin kuwa ban ce ki rufe ba. Sana'arki ce, halal ce, kuma kin iya. Ki rubuta abin da mai saye yake son sani, irin da muka shuka, yaushe ake ɗiba, wanne ne yake jure tafiya, yaya ake shanya shi. Mai nema zai samu, ko ba su da yawa.

Ranar Asabar ba kwa aiki, Gwaggonki ta gaya mini. Ki shigo motar safe. Kada ki sauka a ƙofar gidanmu, ba za ki same ni ba. Ki wuce gidan Babanki Ila, ina zaune a bakin zaurensa, ko ya fito ko bai fito ba. Za ki durƙusa, ni ma zan durƙusa kusa da ke, domin bakina ne ya faɗa, hannunki ne ya yanke. Ba yafiya kawai nake nema ba, Ila zai yafe, zai ce ba komai, ya bi mu da addu'a har bakin hanya, wannan ne ma nake tsoro. Ba zan tashi daga wurin ba sai ya zage ni.

Ki gaida Gwaggonki da maigidanta. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, kada waya ta cinye miki ita. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki rufe kanki da kyau in za ki hau a-daidaita. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya raba ki da sharrin mutane, ya raba mutane da sharrin hannunki. Allah ya kawo ki lafiya ranar Asabar.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu